Fostocin Tashar Rotadam: Tarihin Wata Sana'ar Talla

Ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa, idan mai saye ya tsaya a bakin rumfarsa, ba ya bukatar dogon bayani, sai dai ya warware turmi ya baza shi a rana, ido ya gani, hannu ya taɓa, ciniki ya faɗa ko ya watse. Amma birnin da arzikinsa duka ya rataya bisa tashar jiragen ruwa, alhali kayan da ke ratsa ta ba shi ya noma su ba, ba kuma shi zai ci su ba, to ba shi da wata hajar da zai ɗaga ya nuna face alkawari, cewa ruwansa mai zurfi ne, ƙugiyoyinsa masu sauri ne, kuma jirgin da ya shigo ran Litinin ba zai kai Juma'a yana jiran a sauke shi ba. Alkawari kuwa ba shi da siffa, balle launi. Wannan ita ce mas'alar da ta tsaya wa attajiran Rotadam ta ƙasar Holan a tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma jawabin da masu zane suka ba ta, da takarda da tawada launi uku ko huɗu, ya isa a zauna a dube shi da natsuwa, domin a cikinsa akwai hikima, akwai kuma abin da aka rufe.

Asalin garin ba wani abin alfahari ba ne. Wajen shekarar 1270 aka datse wani ƙaramin rafi mai suna Rotte, masunta suka zauna a kan madatsar, har a 1340 aka ba wurin matsayin birni. Ya kuwa daɗe a bayan Amsterdam wajen daraja da dukiya, saboda yashi ya cika toshe hanyarsa ta zuwa teku, har ya zamana babban jirgi yakan yi kwanaki yana kewaye-kewaye tsakanin tsibirai kafin ya iso gari. Abin da ya juya al'amarin shi ne shawarar wani injiniya, Pieter Caland, cewa a tsaga tudun yashin bakin teku a miƙe, a bar kogi da tudowar ruwa su riƙa share hanyar da kansu. Aka fara haƙa a 1866, jirgi na farko ya ratsa a 1872. Ƙaddara kuma ta haɗa wannan da wasu abubuwa biyu da ba mutanen garin suka shirya su ba: yarjejeniyar Mannheim ta 1868, wadda ta ɗauke kuɗin fito daga zirga-zirgar kogin Rayin, da bunƙasar masana'antun ƙarfe na yankin Ruhr a Jamus, waɗanda ke neman tama daga Sifen da Suwidin, da hatsi daga Rasha da Amurka don ciyar da leburorinsu, su kuma fitar da kwal. Shugaban ayyukan gari na wancan zamani, G.J. de Jongh, ya sa aka haƙa manyan tafkuna a kudancin kogin, Rijnhaven da Maashaven da Waalhaven, masu faɗin da jirgin teku zai tsaya a tsakiyar ruwa, jiragen kogi su kewaye shi, a juye kaya daga ciki zuwa ciki ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Jama'ar garin, waɗanda ba su kai dubu 120 ba a 1870, suka haura dubu 300 a 1900, suka kuma wuce rabin miliyan kafin 1930.

Sai dai arzikin mashigi arziki ne mai rauni, domin attajirin da ke Duisburg ko Basel, wanda ke da tan dubu na kaya zai fitar, ba ɗan'uwan Rotadam ba ne, kuma idan Antuwaf ta Beljiyam ko Hambug da Biremen na Jamus suka rage masa kwabo, ko suka gaggauta masa da yini guda, can zai nufa ko sallama babu. Garin ya ɗanɗana haka a 1923, lokacin da sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye Ruhr masana'antu suka tsaya, ya sake ɗanɗanawa da ɗaci bayan karayar kasuwannin duniya ta 1929, sa'ad da jirage marasa aiki suka jeru a Waalhaven suna tsatsa. A cikin wannan ƙunci ne hukumar gari ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da tashar a 1932, a shekarar da ta biyo kuma aka kafa wata gidauniya wadda babban aikinta shi ne tallata tashar ga 'yan kasuwar ƙasashen waje. Talla dai tsoron abokin hamayya ne ke haifarsa.

Ta fuskar fasinja kuwa musibar ta riga ta sauka tun kafin haka. Kamfanin Holland America Line, wanda aka kafa a Rotadam a 1873, ya yi ƙiba ne da jigilar matalauta masu ƙaura zuwa Amurka, Yahudawan Rasha da manoman Folan da Hangari da sauran mutanen gabashin Turai, dubban ɗaruruwa, waɗanda ke isowa ta jirgin ƙasa da ƙunshin kayansu, a sauke su a masaukin da kamfanin ya gina musu a 1893, likita ya duba su, sannan a zuba su can ƙasan jirgi inda iska ba ta cika kaiwa ba. Irin wannan fasinja ba a yi masa kwalliyar talla. Abin da yake so ya sani shi ne nawa ne, yaushe za a tashi, wa kuma zai miƙa wa kuɗin a garinsu. Amma a 1921, sannan a 1924, majalisar Amurka ta ƙayyade adadin baƙin da za a karɓa daga kowace ƙasa, ta matse wa mutanen gabashin Turai da kudancinta ƙwarai, sai wannan ciniki ya ƙafe kusan dare ɗaya. Jirgin kamfanin mai suna Statendam shi ne shaida: an fara ƙera shi a Belfast a 1921 bisa lissafin tsohuwar kasuwa, aka tura shi ruwa a 1924, aiki ya tsaya, ya yi shekaru a ɗaure fanko, har aka jawo shi Holan a 1927 aka ƙarasa, bai yi tafiyarsa ta farko zuwa Niyok ba sai Afrilun 1929. Jirgi mai girman tan kusan dubu 30 tilas a cika shi, waɗanda za su cika shi kuwa yanzu malaman makaranta ne da ɗalibai da 'yan kasuwar Amurka masu marmarin ganin Turai, mutanen da ba yunwa ta koro su ba, waɗanda in ba a kunna musu sha'awa ba sai su yi zamansu a gida.

Malaman balaga sun ambaci hanyoyi biyu masu kishiyantar juna wajen zance: iɗnabi, wato shimfiɗa magana da ƙarin bayani, da ijazi, wato cusa ma'ana mai yawa cikin lafazi kaɗan, suka kuma ce babu wanda ya fi wani a kan kansa, muƙami ne ke yanke hukunci. Tsofaffin fostocin kamfanonin jiragen ruwa iɗnabi ne tsantsa. Za ka ga jirgi an zana shi daga hanci har wutsiya, kowace taga da kowace igiya a wurinta, ga raƙuman ruwa, ga tsuntsaye, ga tutoci, an kewaye duka da ƙawar furanni, a ƙasa kuma an jera sunayen garuruwa da ranakun tashi cikin haruffa iri biyar ko shida, an bar fili inda wakilin kamfani zai rubuta sunansa. Wannan ya dace da mutumin da zai tsaya a ƙofar ofishin wakili ya yi rabin sa'a yana kallo, ɗansa na karanta masa. Amma titin Turai na bayan yaƙin farko ya riga ya sauya hali. Mai kallo yana cikin tarago ko mota, bangon da fostar ke kai yana ɗauke da wasu ashirin kowace na ƙwala kira, abin da ido zai ba ta bai wuce ƙiftawa biyu ba. Muƙami ya sauya, sai hukunci ya koma hannun ijazi.

Sana'ar ɗab'i ita ma ta taimaka wa wannan hukunci, ko da yake ba a cika faɗa ba. Ana buga fostocin ne da dabarar da Alois Senefelder ya gano a Munich a ƙarshen ƙarni na 18, wadda asasinta shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa: a zana hoto da alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙa dutsen, a bi shi da tawada, sai ta kama inda maiƙo yake ta guje wa inda ruwa yake, sannan a danna takarda. Kowane launi da dutsensa, ko farantin tutiyarsa, da nasa zagayen a cikin injin, kuma wajibi ne kowane bugu ya faɗa daidai kan na baya, in ya goce da faɗin gashi aiki ya ɓaci. Saboda haka duk launin da mai zane ya ƙara, kuɗi ya ƙara wa mai kaya. Wanda ya iya faɗin maganarsa da ja da baƙi da shuɗi, ya bar farin takarda ya yi masa aikin launi na huɗu, ya faranta wa ma'aji rai kafin ya faranta wa masu sharhi.

Gwanin wannan hanya, bisa ijma'in masana, shi ne Adolphe Mouron, wanda aka sani da Cassandre, Bafaranshe haifaffen Kharkiv a 1901, wanda ya yi suna a 1927 da fostoci biyu na jiragen ƙasa, Nord Express da Étoile du Nord. Ra'ayinsa game da sana'arsa ba na mai girman kai ba ne: yana ganin mai zanen talla tamkar ma'aikacin gidan waya ne, saƙon ba nasa ba ne, ba a kuma tambayarsa ra'ayinsa, abin da ke wuyansa shi ne ya isar da shi sarai cikin gaggawa. A 1928 Rotadam ta ba shi aiki biyu. Na ɗaya fostar babban baje kolin masana'antu da garin ya shirya a shekarar da Amsterdam ke karɓar wasannin Olamfik, don kada a ce maƙwabciya ta kwashe baƙi duka. A nan dogayen bututun hayaƙin masana'anta ya zana. Na biyu kuwa ita ce fostar Statendam, wadda ta cancanci a dakata a kanta.

Kamfani ya kashe dukiya mai ɗimbin yawa da shekara takwas kafin ya samu jirginsa, kuma duk mai hankali zai zaci abin da zai nema shi ne a nuna jirgin baki ɗaya, a ga tsawonsa da bututansa uku. Cassandre bai yi haka ba. Ya matso kusa har jirgin ya fi ƙarfin takarda, ya ɗauki wani yanki na samansa kaɗai, wato bututun hayaƙi da bututan shaƙar iska masu lanƙwasasshen wuya, ya mai da su siffofin handasa, da'ira da silinda, ya sassauta hasken jikinsu daga duhu zuwa fari har suka yi ƙyalli irin na sabon ƙarfe, sannan ya ɗora kalmomi ƙalilan masu alkawarin jin daɗi na haƙiƙa. Ga alama hujjarsa ita ce, abin da aka nuna dukansa ido yakan auna shi ya san iyakarsa, amma abin da ya tsallake gefen takarda zuciya ce ke ƙarasa shi, zuciya kuwa ba ta da mudu. A ganina ma akwai wata ma'ana ta baɗini a zaɓen bututan iskar nan, domin su ne ke kai numfashi ɗakunan ƙasa, inda kakannin waɗannan sababbin fasinjoji suka sha wari da zafi shekara talatin kafin nan. Cassandre ya sake wannan dabara ta wata fuska a 1935, a fostar jirgin Normandie mai tashi daga Le Havre, inda ya tsaya a gaban jirgin daga ƙasa, hancinsa ya tashi sama ya cika takarda, 'yan tsuntsaye ƙanana a gindinsa suna ba da ma'aunin girma. Wim ten Broek, ɗan Holan, ya bi sawunsa a fostar da ya yi wa Holland America Line a 1936. Kuma tun da bututun jiragen kamfanin rawaya ne mai ɗamara kore da fari da kore, launukan tutar Rotadam ke nan, duk fostar da ta nuna shi a tashar jirgin ƙasa ta Shikago ko ta Biyana tana tallan garin ne tare da tallan jirgin.

Akwai kuma wata mazhaba ta biyu, 'yar gida, wadda ke kallon ta farko a matsayin kwalliyar 'yan Faris. Tushenta yana cikin ƙungiyar De Stijl da Theo van Doesburg ya kafa a 1917 tare da su Piet Mondrian, masu cewa a koma ga miƙaƙƙen layi da launuka na asali, ja da rawaya da shuɗi; ɗaya daga cikinsu, J.J.P. Oud, shi ne mai tsara gidajen hukumar Rotadam daga 1918 zuwa 1933, kuma fuskar gidan shayin De Unie da ya gina a 1925 fosta ce aka yi da katako da fenti, har dattawan gari suka yi ta gunaguni. Daga wannan yanayi Piet Zwart da Paul Schuitema suka fito. Zwart, wanda ya koyar a makarantar fasaha ta Rotadam har aka sallame shi a 1933 saboda matsa lambar da ya yi a sauya tsarin karatu, ya yi wa kamfanin wayar lantarki na Delft tallace-tallace fiye da ɗari biyu da kayan maɗaba'a kawai, haruffa manya da ƙanana, layuka masu kauri da sirara, yana karkata su yana tsayar da su yadda ido zai bi su tilas. Schuitema kuwa ya yi wa kamfanin Van Berkel aiki, wanda wani mahaucin garin ya kafa bayan ya ƙirƙiro injin yanka nama a 1898, ya kuma shahara da ƙera sikeli. Aƙidarsu ita ce buroshi maƙaryaci ne, kyamara ce mai gaskiya: a ɗauki hoton sikelin daga sama ko daga gefe, a yanke shi da almakashi, a ɗora shi a kan jan fili, a sa rubutu da haruffa marasa ƙafa da ado, shi ke nan. Dukansu biyu sun shiga ƙungiyar masu sabon talla da Kurt Schwitters ya kafa a Jamus, tare da Jan Tschichold, wanda littafinsa na 1928 a kan sabon tsarin ɗab'i ya zama matanin da almajiran wannan fanni ke haddacewa.

Sikeli da wayar lantarki ba jirgi ba ne, amma duk cinikin tasha ne, kamar yadda kofi da shayi da tabar Van Nelle suke, waɗanda ke zuwa daga tsibiran Indunusiya da sauran ƙasashen zafi a buhu, su fita a ƙananan fakiti da Jac. Jongert ya tsara musu da launuka masu ƙarfi da haruffa murabba'ai, yadda matar da ba ta iya karatu ba za ta gane nata daga bakin ƙofar kanti. Shugaban kamfanin, Kees van der Leeuw, ya sa Brinkman da Van der Vlugt suka gina masa masana'anta ta gilashi da kankare tsakanin 1925 da 1931, aka kafa sunanta da manyan haruffa masu haske a kan rufi don fasinjan jirgin ƙasa ya karanta da dare. A 1927 aka buɗe gadar ƙarfe mai ɗagawa da 'yan gari ke kira De Hef, shekara guda bayan haka Joris Ivens ya yi mata ɗan gajeren fim wanda jaruminsa ƙarfe ne da igiya da ƙafar injin. Gari ne da ya ga surarsa a jikin injin, ta kuwa burge shi.

To a nan ne ya kamata a yi tambayar da fostocin ba su so a yi. Malamin da ke ƙyamar surar mai rai zai iya duba da yawa daga cikinsu ba tare da ya kau da kai ba, ko da yake ba tsoron Allah ne ya hana masu su zana mutum ba. Tashar da ake nunawa tsaf, babu ƙura babu gumi, dubban 'yan dako ne ke ɗauke da ita, akasarinsu 'ya'yan manoman Brabant da Zeeland da talauci ya koro, waɗanda ke taruwa da asuba a zaɓi wasu a bar wasu. Injinan da ake zana wa kyakkyawar siffa kuwa su ne suka cinye abincin da yawansu. A 1905 aka kawo injinan zuƙe hatsi masu yawo a kan ruwa, waɗanda ke tsotse alkama daga cikin jirgi ta bututu, su auna ta, su zuba a jirgin kogi, aikin ɗimbin maza na kwanaki ya koma na 'yan tsiraru. Ma'auna da masu ɗaukar buhu suka yi yajin aiki suka tsayar da su, amma a 1907 aka dawo da su da ƙarfi, aka yi tarzoma, aka kawo soja, injin ya yi nasara. Haka nan masu zuba kwal a tanderun jirgi, waɗanda hayaƙin nan mai kyawun lanƙwasa a fosta daga hannunsu yake fitowa, da yawansu 'yan Sin ne, waɗanda kamfanonin Holan suka fara kawowa a 1911 don karya yajin aikin matuƙa, suka zauna a unguwar Katendrecht. Da kasuwa ta faɗi aka sallame su, sai suka koma yawon tallan alawar gyaɗa a tituna da gwangwani rataye a wuya. Adalci dai ya wajabta a ce Schuitema, mai ra'ayin 'yan kwadago, ya yi wa ƙungiyar ma'aikatan sufuri fosta a 1930 mai shelar mambobi dubu 30, da irin haruffa da jan launin da yake yi wa masu sikeli aiki da su. Salon bai da uban gida. Wanda ya biya kuɗin bugu shi yake yi wa magana.

Wanda ya fi ɗan dako ɓacewa daga takarda shi ne manomin da ya cika buhun. A nan labarin ya taɓo mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga, manoma suka ba su gyaɗa, domin masana'antun bota ta man tsirrai a Turai, bayan an gano dabarar daskarar da mai a farkon ƙarnin, sun buɗe baki suna neman kowane irin ƙwaya mai mai. Manyan wannan ciniki su ne gidajen Jurgens da Van den Bergh na Holan, na biyun ya kafa masana'antarsa a Rotadam tun 1891, kuma shi ne ya fito da Blue Band da ke kan teburanmu har yau. Suka haɗe a 1927, sannan suka haɗe da Lever Brothers na Ingila aka samu Unilever a farkon 1930, wanda a lokacin yake da hedkwata ɗaya a Landan ɗaya a Rotadam, kuma kamfanin UAC, babban mai sayen gyaɗar Arewa, wanda Alhassan Ɗantata ya yi wa wakilci, ya faɗa ƙarƙashinsa. A fostocin, duk wannan duniya ta manoma da 'yan baranda da masu jakuna takan taƙaita ne zuwa siririn layi da aka ja a kan taswira daga wata gaɓa zuwa jan ɗigo. Inda aka nuna baƙar fata a fili kuwa, to a baje kolin 1928 ne, inda aka kafa wani ƙauye na 'yan Senegal aka zuba mutane a ciki, jama'a na biyan kuɗi suna kallonsu, a filin da Cassandre ya yi wa talla da bututun masana'anta.

Ranar 14 ga Mayun 1940 jiragen saman Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai, mutum kusan 900 suka halaka, kimanin dubu 80 suka rasa matsuguni, gidan De Unie ya ƙone, Statendam ma ya ƙone a matsayarsa cikin faɗan waɗannan kwanaki, shekara goma sha ɗaya kacal bayan tafiyarsa ta farko. A Satumbar 1944 Jamusawa suka bi gaɓoɓin tashar da ƙugiyoyinta suka farfasa. Bayan yaƙi hukuma ta zaɓi gyara tasha kafin gidaje, a 1950 aka yi baje kolin Rotterdam Ahoy don shelar cewa ta farfaɗo, aka biyo da baje kolin E55 a 1955. Salon da dattawa suka yi wa gunaguni a da shi ya zama harshen hukuma, domin garin da ba shi da tsohon gini da zai nuna ba shi da abin tinƙaho sai sabunta. Aka haƙa tafkunan Botlek da Europoort don man fetur, a 1962 Rotadam ta wuce Niyok ta zama tasha mafi girma a duniya, ta riƙe wannan matsayi har 2004.

Amma a daidai lokacin da tashar ta kai ƙololuwa ne fostar ta rasa aikin yi. Jirgin sama mai injin jet ya kwashe fasinjojin Atlantika daga 1958, har jirgin Nieuw Amsterdam na Holland America Line ya yi tashin ƙarshe na layin Niyok a Nuwambar 1971. A Mayun 1966 jirgin Fairland na kamfanin Sea-Land ya sauke kwantenoni na farko a garin, kuma tun daga nan kofi da sikeli da atamfa duk suka shige akwati iri ɗaya, tashar kanta ta yi ta gusawa yamma har ta kai wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari, inda mai tafiya a ƙasa ba ya ganinta. Masu yanke shawarar inda kaya za su bi suka koma 'yan manajoji ƙalilan masu duba jadawalin farashi, waɗanda ba a kama su da hoto a bango. Magadan Zwart da Schuitema, irin su Wim Crouwel da Benno Wissing da suka kafa Total Design a Amsterdam a 1963, suka koma tsara tambari da takardar wasiƙa da launin motocin kamfani, aiki mai tsafta da ƙa'ida, wanda a ganina ya gaji tsarin magabata bai gaji zafinsu ba.

Tsohuwar hedkwatar Holland America Line a bakin kogi ta zama otal a 1993, masana'antar Van Nelle ta daina gasa kofi, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2014. Fostocin kuwa suna gidajen tarihi na Rotadam da Amsterdam da Niyok, wasu na hannun attajirai masu saye a gwanjo da kuɗi mai tsoka, bayan an manna su a jikin yadi don kada su yage. Waɗanda aka liƙa a bango a zamaninsu ruwan sama da tallan da ya biyo baya sun cinye su cikin makonni. Akasarin waɗanda suka tsira rarar maɗaba'a ce, da kofen da aka ajiye a aljihun teburin kamfani ko aka aika wa wakili bai liƙa ba.